Shin duniyar wasanni na buƙatar hukuma guda mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, ko kowa ya ji da nasa?

Abba_Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun batun ɗan wasan tanis ɗin nan Jannik Sinner. An samu haramtaccen sinadarin clostebol a fitsarinsa har sau biyu a watan Maris na 2024, ƙarshe suka sasanta da WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, a kan dakatarwar wata uku kacal, daga Fabrairu zuwa farkon Mayun 2025. Bai rasa ko babbar gasa ɗaya ba. Ita kuwa 'yar tserenmu Blessing Okagbare shekara 11 aka maka mata. To mene ne amfanin hukuma guda da ke zaune a Montreal tana yi wa duniya doka, in dai hukuncin yana duba fuska? Ba gara kowace ƙasa ta riƙa gwada 'yan wasanta da kanta ba?

Lauya_Mansur:
Wa alaikumus salam Malam Abba. Ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Na farko, ba WADA ce ta tuhumi Okagbare ba, sashen ladabtarwa ne na hukumar guje-guje ta duniya, wato AIU. Na biyu, laifin ba iri ɗaya ba ne. Ita an same ta da sinadarin ƙara girman jiki da kuma EPO mai ƙara jini, abubuwan da allura ake yi, ba wanda ke taka su bisa tsautsayi. Shekara biyar a kan wannan, wasu biyar saboda ta ƙi ba masu bincike haɗin kai, daga baya aka ƙara mata ɗaya. Shi kuwa Sinner cewa ya yi mai yi masa tausa ne ya fesa magani a nasa yatsan da ya yanke, sannan ya taɓa shi. Kotun farko ma wanke shi ta yi gaba ɗaya. WADA ce ta ɗaukaka ƙara. Da babu ita, ko kwana ɗaya ba zai zauna a gida ba.

Abba_Fagge:
To Barista, in ta ɗaukaka ƙara tana neman shekara ɗaya zuwa biyu, me ya kawo zaman sulhu ana dab da shiga kotu? Wane ɗan Afirka aka taɓa kira aka ce zo mu daidaita?

Zee_Kaduna:
Tambayar ke nan.

Malamin_Motsa_Jiki:
Ku bari in mayar da ku baya kaɗan, don yaran yanzu sun ɗauka haka aka tashi aka ga WADA. Kafin 1999 abin da Abba ke nema shi ake yi. Kowace hukumar wasa da jerin haramtattun magungunanta, kowace ƙasa da nata hukuncin. Mutum zai sha abu ɗaya, a tseren keke a ba shi 'yan watanni, a guje-guje a ba wani shekaru. Jamus ta Gabas kuwa gwamnati ce da kanta ke ɗura wa yara mata ƙwayoyi tana ce musu bitamin ne, kuma ɗakin gwajinsu aikinsa shi ne ya duba ɗan wasa kafin ya fita waje, in abin bai bar jikinsa ba a ce ya ji rauni ya zauna a gida. Abin da ya fasa ƙwan shi ne gasar keke ta Faransa ta 1998, lokacin da jami'an kwastan suka tare motar ƙungiyar Festina a kan iyakar Beljiyam suka tarar da ita maƙare da EPO da sauran su. Ku lura, 'yan kwastan ne suka kama, ba masu gwajin wasanni ba. Kunyar wannan ce ta sa aka zauna aka kafa WADA a Nuwamban 1999, kundin dokarta kuma ya fara aiki a 2004. Don haka mun riga mun gwada "kowa ya ji da nasa", mun ga inda ya kai mu.

Dan_Maradi:
Malam ya faɗi gaskiya. Wa zai kama ɗansa da hannunsa ya miƙa?

Ummi_Zariya:
Amma Malam, ai da WADA ɗin a raye Rasha ta yi abin da ta yi a gasar Olamfik ta hunturu a Sochi a 2014. Ni duk lokacin da na tuna labarin nan sai in riƙe baki. Rami aka huda a bangon ɗakin gwaji, cikin dare ana zura kwalaben fitsarin 'yan wasa ta ciki zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka, jami'an leƙen asiri su buɗe murfin da aka ce ba ya buɗuwa sai an fasa, a zubar, a zuba tsaftataccen fitsarin da ɗan wasan ya bayar watanni kafin nan aka ajiye a firiza. Har gishiri ake ƙarawa don nauyinsa ya yi daidai da abin da aka rubuta a takarda. Kafin gari ya waye kwalba ta koma mazauninta. Kuma ɗakin gwajin nan da amincewar WADA yake aiki. Ba ita ta gano ba. Vitaly Stepanov ya shafe shekaru yana aika musu da saƙo tun 2010, ba abin da ya motsa sai da gidan talabijin na Jamus ARD ya watsa shirinsa a ƙarshen 2014. Shi ma ramin sai da shugaban ɗakin gwajin, Grigory Rodchenkov, ya gudu Amurka ya tona da bakinsa.

Malamin_Motsa_Jiki:
Haka ne 'yata, ban musa ba. Amma bayan an tona, wa ya naɗa Richard McLaren ya yi binciken da ya nuna 'yan wasa sama da 1,000 sun amfana? Wa ya yanke wa Rasha shekara huɗu a 2019? Kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne ce ta rage zuwa biyu. In babu hukumar tsakiya, wa kike ganin zai tunkari Rasha? Ma'aikatar wasanninta?

Ummi_Zariya:
Dakatarwar da suka je gasar Olamfik ta Tokyo da ita suka kwashi lambobi, an dai canza musu suna zuwa ROC, wato kwamitin Olamfik na Rasha, an hana taken ƙasa? Baba wannan ai ba hukunci ba ne.

Kocin_Unguwa:
Ni bari in kawo ku gida. Duk wannan magana ta a bar wa ƙasa, ku tuna Tokyo a 2021. 'Yan guje-gujen Najeriya 10 aka hana shiga gasa suna can cikin masaukin 'yan wasa. Ba wanda aka samu da ƙwaya a cikinsu. Laifin kawai ba a yi musu gwajin ba-zata sau uku cikin wata goma kafin gasar ba, kamar yadda doka ta ɗora wa ƙasashen da aka sa a rukunin masu haɗari. Yara suka yi shekaru suna atisaye, suka ƙare da ɗaga kwalaye a titin Tokyo. Waɗanda suka kasa shirya gwaji uku su ne za a ce su riƙe duka tsarin?

Abba_Fagge:
Koci ai ka ƙarfafa maganata ne ba ka sani ba. Manya suka yi sakaci, yara suka sha hukunci. Wane jami'i aka dakatar? Dokar da ke hukunta marar laifi ta bar mai laifi, ina adalcinta?

Kocin_Unguwa:
Wannan kuma mu za mu hukunta jami'anmu, ba Montreal ba.

Hajiya_Binta:
Ku yi mini afuwa, ni ba ma'abociyar wasanni ba ce sosai, ɗana ne ke gudu. Wai yaya ake gwajin ba-zatan nan? Kawai zuwa ake gidan mutum?

Tsohon_Dan_Tsere:
Hajiya zuwa ake, kuma ba sallamar arziki. In sunanka ya shiga jerin manyan da ake sa wa ido, kowane wata uku za ka cike inda za ka kwana kullum, da inda kake atisaye, sannan ka ware awa ɗaya a kowace rana da za a same ka a wuri kaza. In ka canza shiri sai ka shiga manhajarsu ka gyara. In aka zo ba a same ka ba, ko ka yi kuskuren cikewa, sau uku cikin wata 12, laifi ne ko da jininka fes yake. Irin tuhumar da aka yi wa Tobi Amusan ke nan a 2023, aka wanke ta, aka ɗaukaka ƙara, CAS ta sake wanke ta a 2024.

Ni ban kai wannan matakin ba, amma an taɓa gwada ni bayan tsere. Kana tsallake layi wani zai tare ka da takarda ka sa hannu, daga nan ya zama inuwarka. Ba wanka, ba shiga banɗaki kai kaɗai. Ga jiki ya bushe da gumi, fitsari ya ƙi zuwa, kana zaune kana ɗirkar ruwan roba da kai za ka zaɓa ka buɗe da hannunka. In ya zo, sai ka ɗage riga zuwa ƙirji, ka sauke wando zuwa gwiwa, mutumin yana tsaye yana kallon fitar fitsarin da idonsa. Mu da aka yi wa tarbiyyar kunya, wallahi ranar farko ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Sannan kai da kanka za ka raba shi kwalba biyu, A da B, ka murɗa murfi har sai ya daina ƙara, ka duba lambobi su yi daidai da na takarda. Mata kuma mace ce ke raka su. Duk da haka na fi son wannan da in yi tsere da wanda a ƙasarsu ba a taɓa kallonsa ba.

Hajiya_Binta:
Ikon Allah. To Allah Ya tsare mana su. Na gode ƙanena.

Sadiq_Garoua:
Ni matsalata da su ita ce dokar nan ta duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhaki, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ku dubi André Onana lokacin yana Ajax. Ya ce ba ya jin daɗi ne ya ɗauki maganin matarsa bisa kuskure, aka samu furosemide, UEFA ta ba shi shekara ɗaya a 2021, CAS ta mayar wata tara. Kowa ya yarda ba da niyyar maguɗi ya sha ba, amma ya zauna. Mai tsaron gida, me maganin sa fitsari zai ƙara masa?

Mai_Kemis:
Sadiq, irin wannan maganin ba don ƙarfi aka hana shi ba, don yana wanke wasu ƙwayoyin ne daga jiki kafin gwaji. Kuma in aka ce sai an tabbatar da niyya, to an gama. Kowa zai ce matata ce, naman da na ci ne, man shafawa ne. Kolo Touré ma a 2011 maganin rage ƙiba na matarsa ya ce.

Nura_Kumasi:
Matan 'yan ƙwallo dai suna shan ɗaukar laifi 😂

Sadiq_Garoua:
To Mamadou Sakho fa? An dakatar da shi a 2016 yana Liverpool, ya rasa wasan ƙarshe na Europa da Sevilla, ya rasa gasar Turai da aka yi a ƙasarsu Faransa. Daga baya UEFA ta wanke shi, don abin da aka samu ba a ma rubuta sunansa ƙarara a jerin ba. Sai a 2020 WADA ta ba shi haƙuri a kotun Landan ta biya diyya. Wa zai mayar masa da waɗannan wasannin? Shi yana da kuɗin lauya. Yaron da ke gudu a Kaduna ko Garoua in aka yi masa haka, shi ke nan an binne shi.

Lauya_Mansur:
A nan kam ina tare da kai. Doka ɗaya ce a takarda, amma kare kai kuɗi ne. Sinner cikin kwanaki ya kawo lauyoyi da masana suka nuna daga inda abin ya fito. Paul Pogba shekara huɗu aka ba shi, ya je CAS ta koma wata 18. Wanda ba shi da halin biyan ɗakin gwaji ya binciki garin ƙarin kuzarin da ya saya, ba zai iya nuna gurɓata ba ne, sai ya karɓi shekara huɗunsa. Amma maganin wannan a samar da asusun lauyoyi ga marasa hali, ba a rushe hukumar ba.

BabaAudu:
Duk kun manta da mutum ɗaya, Sunday Bada. A Olamfik ta Sydney a 2000 shi da Clement Chukwu da Jude Monye da Enefiok Udo-Obong suka zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. Ina gaban talabijin na ga yadda Udo-Obong ya taso daga baya a zagayen ƙarshe. Shekaru bayan nan Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa yana shan ƙwaya a lokacin, aka ƙwace zinaren. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya. Bada ya rasu a Disambar 2011, bai taɓa riƙe zinarensa ba. In kuna lissafin waɗanda gwaji ya zalunta, ku riƙa sa waɗanda rashin gwaji ya zalunta. Ita kanta Okagbare, tagullar da ta ci a dogon tsalle a Beijing a 2008 ta koma azurfa ne saboda an sake gwada tsohon fitsarin wata 'yar Rasha aka kama ta. Haka 'yan matanmu na miƙa sanda a wannan gasar. Ajiye samfur har shekara goma a sake dubawa, wace ƙasa ce za ta yi wa kanta wannan?

Zee_Kaduna:
Allah sarki Bada. Ban san wannan ba wallahi.

Dan_Maradi:
Ni kam ina da tambaya ta gefe. Duk wannan doka tana hawa kan kokowa da dambe namu? Don in ana maganar ƙwaya a fili, ba sai an je Turai ba.

Mai_Kemis:
Ta hau ne kawai in hukumar wasan ta sa hannu a kundin kuma akwai mai zuwa ya ɗauki samfur. Amma ka taɓo inda ke mini ciwo. Tun 1 ga Janairun 2024 tramol ya shiga jerin abubuwan da WADA ta haramta a lokacin gasa. Masu tseren keke ma sun riga kowa, tun 2019, shi ya sa aka soke sakamakon Nairo Quintana a gasar Faransa ta 2022. Mu nan fa? Ranar da ake wasan unguwa yara ke zuwa shagona, wani ko gemu bai fito ba, ya ce a ba shi "na ƙarfi". In na ce sai da takardar likita ya yi tsaki ya tafi, kuma na san kafin ya kai ƙarshen layi ya samu a teburin wani. Akwai wanda ya faɗi yana farfaɗiya a filin makarantar bayanmu ana tsakiyar wasa, abokansa suka ce uku ya haɗa da lemon kwalba. Wannan yaron bai san wata WADA ba, ita ma ba ta san shi ba.

Kocin_Unguwa:
Wallahi gaskiya ne. Ni yanzu kafin wasa idanun yarana nake dubawa. Amma wannan aikin NDLEA ne da iyaye da mu masu horarwa.

Abba_Fagge:
Mu dawo kan magana. Barista, kai da ke kare su, yi mini bayanin 'yan ninƙayar Chaina 23. An same su da maganin zuciya trimetazidine a farkon 2021, hukumar ƙasarsu ta ce daga kicin ɗin otal ne, WADA ta ce ta yarda, ba a dakatar da kowa ba, ba a sanar da duniya ba. Wasunsu suka je Tokyo suka ci zinare. Sai a Afrilun 2024 'yan jarida suka tono. Wannan maganin dai shi aka samu a jikin Kamila Valieva ta Rasha mai wasan zamiya a kan ƙanƙara, yarinya 'yar shekara 15, aka ba ta shekara huɗu.

Lauya_Mansur:
Ba zan kare ɓoyewar ba, kuskure ne babba, ko da bayanin gurɓatar gaskiya ne. Amma duba da kyau: wa ya fara wanke su? Hukumar ƙasarsu. Wato tsarin da kake nema. Laifin WADA shi ne ba ta taka musu birki ba. Kai kana cewa hukumar ta yi rauni don haka a cire ta, ni ina cewa ta yi rauni don haka a ƙara mata haƙora.

Ummi_Zariya:
Haƙoran daga ina, Barista? Rabin kuɗinta daga kwamitin Olamfik yake zuwa, rabi daga gwamnatoci. Wato masu sayar da gasar da masu son lambobin su ke ciyar da mai gadin. Kowa ya ga yadda Amurka ta riƙe dala miliyan 3.6 na kasonta saboda rigimar Chainar nan. Yau Amurka ce, gobe wata.

Nura_Kumasi:
Ita Amurkar da ke ta hayaniya, manyan gasanninta na cikin gida, NFL da NBA da na ƙwallon sanda, ba sa ƙarƙashin kundin WADA. Nasu tsarin suke yi da ƙungiyoyin 'yan wasa. Sannan ta yi dokar Rodchenkov a 2020 da za ta iya ɗaure ɗan kowace ƙasa. Wannan ba son kai ba ne?

Malamin_Motsa_Jiki:
Akwai son kai. Sai dai a faɗi gaskiya, hukumarsu USADA ce ta kayar da Lance Armstrong a 2012, ɗan ƙasarsu, gwarzonsu, aka ƙwace kofunansa bakwai, alhali hukumar keke ta duniya ta yi shekaru tana kallo. Kuma da dokar Rodchenkov ɗin aka fara kama Eric Lira, mutumin Texas da ya samar wa Okagbare kayan. Wannan ya nuna gwajin fitsari kaɗai ba ya isa, sai da masu ikon duba waya da asusun banki.

Zee_Kaduna:
Ni fa wani lokacin sai in ga gara a sakar wa kowa mara, kamar masu shirya Enhanced Games. Kowa ya sha abin da zai sha a ƙarƙashin likita, a daina munafunci.

Hajiya_Binta:
A'a 'yar nan, kar ki ce haka. In aka halatta, ɗana ba shi da zaɓi ke nan, ko ya sha ko ya bar gudu. Kuma likitan da za a ce yana kula, a ina? Su can suna da shi. Namu a bayan tasha za su saya.

Tsohon_Dan_Tsere:
Hajiya ta gama magana a kan wannan. Ni abin da zan ƙara, a duk Afirka ta Yamma babu ɗakin gwaji ko ɗaya da WADA ta amince da shi. Samfur sai an sa shi a jirgi, da kuɗin waje, jini kuma yana da ƙa'idar sanyi da lokaci. Shi ya sa gwaji uku da ake gani kamar wasa yake zama aiki a wurinmu. Kenya da abin ya ishe ta sai da gwamnati ta yi alƙawarin dala miliyan 5 duk shekara har shekara biyar don kada a kore ta. In hukumar tsakiya za ta kafa doka ɗaya ga kowa, to ta taimaka a samu kayan aiki kusa da kowa.

Sadiq_Garoua:
Kuma kar a manta shugaban guje-guje na duniya da aka yanke wa hukuncin ɗauri a kan karɓar kuɗi don rufe wa 'yan Rasha asiri, Lamine Diack, ɗan Senegal ne. Kotun Faransa ta same shi da laifi a 2020. Don haka batun ba na fari da baƙi ba ne kawai kamar yadda Abba ke nunawa.

Abba_Fagge:
Ni ban ce fari da baƙi ba, mai kuɗi da talaka na ce. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini: wa ke binciken WADA in ita ta yi laifi? A batun Chaina ita ta zaɓo mai binciken da ya wanke ta.

Lauya_Mansur:
CAS na iya soke hukuncinta, kuma ta sha yi. Amma a kan shari'ar da ta ƙi ɗaukakawa tun farko, nan kam akwai giɓi.

Dan_Maradi:
Mai_Kemis, don Allah tramol ɗin nan kwana nawa yake yi a jiki kafin ya fita? Ba don ni ba, wani ƙanena ne zai je gwajin shiga ƙungiya.

Mai_Kemis:
Ka ce wa ƙanen naka ya zo shago ya same ni da kansa, da shi nake son magana.